Jikana ya ce in sallami mai yi mini wanka

Uwargida Celmira, ki taimake ni da shawara.

Yau Lahadi. Ƙafafuna sun kumbura, tarin ya ɗan lafa. Shekaruna tamanin da uku, ni kaɗai nake zaune a garin Paysandu tun rasuwar matata.

Jikana Nahuel, ɗan shekara ashirin da tara, shi ke zuwa duk Lahadi ya yi mini aski, mu sha shayin mate a ƙoƙo ɗaya. Bai taɓa yin budurwa ba. Ya faɗa cikin wasu samari a intanet masu zagin mata, wai an ƙi su ne saboda gajarta. Tun watan Mayu ya daina sumbatar kuncina in ya shigo, sai ya miƙo hannu kamar a ofis. Ƙoƙonsa ma daban yake kawowa, wai ba ya haɗa baki da namiji.

Makon jiya ya tarar da Aníbal, ma'aikacin jinyar da ke mini wanka, yana shafa mini magani a baya. Aníbal da namiji yake zaune kamar mata da miji, kowa ya sani. Nahuel ya kira shi ɗan daudu, ya ce ya cire hannu daga jikin kakansa. Aníbal ya miƙa masa maganin, ya ce bismilla, jarumi. Yaron ya kalli bayana, ya kasa taɓawa, ya fita. Daga baya ya aiko saƙo, in ban sallami mutumin ba, ba zai ƙara zuwa ba.

Ban ce komai ba, ban ma ji komai a raina ba. Na dai tuna ni ne, a wajen wani taron gashin nama, nake tambayarsa gaban kawunnansa ina budurwar, ko shi ma ɗan daudu ne. Yana sha biyar, ana ta dariya.

In sallami Aníbal?

Na dafa ruwan shayi tun ƙarfe uku. Ya huce. Nahuel bai zo ba.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa

Baba,

Kada ka sallame shi. Bai yi laifi ba, kuma jikinka na buƙatarsa. Gobe ka ba shi haƙuri a kan shirun da ka yi.

Nahuel ba mugu ba ne, kaɗaici da tsoro ke cinsa, amma wannan bai ba shi ikon wulaƙanta mutum ba. Kada ka zauna jiransa. Ka kira shi, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini game da ranar gashin naman, ka ce ka yi kuskure. Ina jin shekara goma sha huɗu ke nan yana ƙoƙarin ba ka amsa. Ka gaya masa Aníbal yana nan, kuma ƙofa a buɗe take. Zancen budurwa kuwa, ka bar shi har abada.

Mai yiwuwa ya kashe wayar. Ka sake kira.

Allah ya ƙara sauƙi, Baba.

Celmira