Yatsu Uku da Albasar Tulif

Breezand, 9 ga Yuli

Yaya Aukje,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Sibren da yara. Ya ciwon bayan naki? Mu nan lafiya lau, in ban da hannuna.

Tun da muka fara ɓarar albasar tulif, furen nan da muke nomawa, yatsuna uku suka tsattsage har ƙarƙashin farce. Ƙaiƙayi kuwa kamar in yanke su in huta. Kowa a rumfar aiki ya zama likita. Gwaggo Griet ta ce sabulu ne, na canza sabulu. Ta kawo man shafa wa hantsar saniya, na lafta har ina warin garke, a banza. Na sa safar hannu ta roba, abin ya ƙara ci. To wai mene ne wannan? Baba ma da ya hango safar cewa ya yi, "Ke Wietske, tiyata za ki yi mana? Ruɓaɓɓiyar albasa da yatsa ake gane ta." Dole na cire.

Kin san a Oktoba Baba zai sa hannu ya miƙa mini gonar. In ban iya ba, zai sayar da ita ga maƙwabcinmu Klaas. Don Allah kada ki faɗa wa Baba komai, tsoro nake ji.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Wietske

Breezand, 28 ga Yuli

Yaya Aukje,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya zafi?

Na je wurin likitan fata. Ya manna mini wasu filastoci a baya, bayan kwana uku ya duba ya ce tulif ɗin ce da kanta jikina ya ƙi. Ni da aka haifa a cikinta! Shekara talatin ina taɓa ta, sai yanzu? Ya ce haka take yi, a hankali take tarawa. Wai akwai wata irin safa da ƙila ta taimaka, ƙila kuma a'a. Na fito ban san me na ji ba.

Jiya lokacin shan kofi na ƙarfe goma na daure na buɗe wa Baba hannuna. Na shirya wa faɗa. Sai ya kama yatsun yana jujjuyawa. Can ya ce, "Hannun uwarku sak. Shekara ashirin tana ɓarewa da jini a farce, ina gani ina kau da kai, don ba ni da mai taya ni. Ba zan sake ba."

Na ce ya bari in gwada safar ko kaka ɗaya. Ya girgiza kai, ya ɗauki hularsa ya tsallaka gidan Klaas. Kofinsa ma bai sha ba.

Ke kin san da zancen Mama? Ni wallahi kaina ya ɗaure. Ban taɓa ganin yana sona kamar jiya ba, kuma jiyan ya raba ni da gonar. Ki faɗa mini, Yaya, godiya zan yi masa ko kuka?

Taki har kullum,
Wietske