Motar da Ba Ta da Fatar Ido

Lahadi, 1 ga Oktoba

Mun hau tsaunin Franschhoek da safe kamar kullum, mu tsofaffin ƙungiyar masu mota iri ɗaya, kowa da 'yar motarsa mai kujera biyu, rufi a buɗe. Tawa ja ce, ƙirar farko, mai fitilun da ke kwance cikin bonet sai ka danna maɓalli su ɗago kamar mai farkawa daga barci. Da su muke gaisawa. Ka haɗu da 'yar'uwarta a hanya, ka ɗaga mata ido, ita ma ta ɗaga maka. Sababbin ƙirar fitilunsu a manne suke, don haka ni ba na gaishe su. Kowa ya san ra'ayina: motar da ba ta da fatar ido ba ta san mutunci ba.

To, muna shan shayi a ƙasan tsauni sai ga Tasneem, 'yata tilo, cikin sabuwar ƙira, fara fat. Tata ce, wai ta saya. A cikin tawa ta koyi tuƙi, kuma tun tana makaranta na ce mata ita zan ba ta ranar da ta samu aiki. Aiki ya samu a Durban, ƙarshen watan nan za ta tafi. Ashe ba ta so.

Faldie, abokina mai baki kamar rediyo, wanda ke kirana Boeta, wato yaya, ya ce, "Boeta Nazeem, ga jikar motarka ta iso, ba za ka ɗaga mata ido ba?"

Na ce, "Wannan? Ai firji ne aka sa wa taya."

Kowa ya fashe da dariya ban da ita. Ta ajiye mana ledar koesister da ta kawo, irin fanken nan namu mai zaƙi, da zafinsu, ta juya ta tafi. Na ci biyu, ban ji ɗanɗanonsu ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ta zo gida da yamma, ko zama ba ta yi ba. Ta ajiye makullinta a kan tebur ta ɗauki nawa.

"Baba, ka riƙe ta kwana goma, ni in riƙe taka. Bayan nan ka zage ta da hujja."

Halin mahaifiyarta sak, Allah ya jiƙan Gadija. Na ce ta kula da giya ta biyu, ba ta son gaggawa da sanyin safiya. Ta ce, "Wa ya koya mini?" Saura mako biyu da 'yan kwanaki ta tafi, kuma iyakar hirar da muka yi ke nan.

Asabar, 14 ga Oktoba

Na fita da firjin ni kaɗai, hanyar bakin teku ta Gordon's Bay, inda ba wanda ya san ni.

Abu na farko da ya ba ni haushi shi ne rufin. Hannu ɗaya, kana zaune, ka ja ka jefa baya, shi ke nan. Shekara nawa ina murɗa kafaɗa a banza!

Na shiga kwanar farko ina jiran in ji ta yi nauyi, don na ɗauka duk motar zamani jibgegiya ce. Ina! Ta juya kamar ta riga ni sanin inda zan bi. Giyarta gajera, tana faɗawa wurinta ƙwas. In ka taka totur a fitar kwana tana amsawa nan take, ba sai ka roƙe ta ba.

Amma sitiyarinta ba ya hira. Tawa kowace tsakuwa ta taka sai ta gaya wa tafin hannuna. Wannan shiru take yi, ta yi aikin, ta bar ka da mamaki. Na rubuta wannan don in samu abin faɗa.

Na kama kaina ina murmushi kusa da Rooi-Els. Iska ce ta buɗe mini baki.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Tsauni da 'yan ƙungiya. Ni a gaba cikin fara, Tasneem a bayana cikin ja. Ban taɓa ganin motata daga waje tana gudu ba. Wallahi kyakkyawa ce. Tana kwantawa gefe a kowace kwana kamar jirgin ruwa, ta miƙe, ta sake kwantawa, yarinyar nan kuma ba ta ɗaga mata ƙafa ko kaɗan. Ina jin kukan injin a bayana har cikin ƙirjina.

A kwanar nan mai kama da ƙugiya, gwaggon biri ya zauna a tsakiyar kwalta da ɗansa. Na danne birki da duk ƙarfina. Farar ta tsaya cak, a miƙe, ko kaucewa ba ta yi ba. Na duba madubi da sauri. Tasneem ta bar tazara kamar yadda na koya mata, ta tsaya lafiya. 

Hanyar Durban doguwa ce, ga manyan motoci, ga ruwan sama. A cikin wacce nake so 'yata ta kasance? Na san amsar, ba na son ta.

Faldie ya ce, "Yaya firjin, Boeta? Ya yi sanyi?" Na ce ya je ya duba man da motarsa ke ɗigarwa.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ita ta kira! Tana dariya. "Baba, tsohuwar nan sai ka shaƙe ta take tafiya. Kana jin kamar za ka tashi sama, ka duba allurar gudu ka ga ko tasi sai ya wuce ka." Na ce ai daɗinta ke nan. Ta ce ta sani, ta yi kewarta. Muka yi ta musu a kan birki da giya har shayina ya huce.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na makara. Ina hawa, su suna saukowa daga ɗaya gefen. Daga nesa na hango ja a gaba, ta fito daga kwana, sai fitilun nan biyu suka ɗago, suka koma. Tasneem ce ke gaishe ni.

Hannuna ya tafi neman maɓalli, babu. Na zauna cikin motar da ba ta da abin amsawa, 'yata ta wuce, ban ce mata komai ba. Ashe haka suke ji, duk waɗanda na yi shekaru ina wucewa kamar ban gan su ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na juya na same su a bakin dam. Muka koma gefe ni da ita. Na ce sabuwar mota ce ta gaske, jininsu ɗaya da tawa, na janye maganar firji. Sannan na tambaye ta abin da ke cina tun farkon wata, me ya sa ta ƙi tawa.

Ta ce, "Baba, tun da Mama ta rasu, me ke fitar da kai daga gida in ba motar nan ba? In na tafi da ita, ranar Lahadi kana ina? Kana kan kujera kana faɗa da talabijin."

Na ce ƙarya ne, ina zuwa masallaci. Ta ce, "Masallacin da ke bayan katangarka?"

Na miƙa mata makullinta. Na karɓi makullina.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ta tafi da safe. Na duba mata iskar taya duk da motar tana duba kayanta da kanta. Ta bar ni na yi.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Tsauni. Tsohuwa tana cikin nishaɗi, sitiyari na ta zuba mini labari. Na lura ina taka birki da wuri fiye da da, ba komai.

Wajen saukowa wata sabuwar ƙira ta taho, toka-toka, wani saurayi ne a ciki da hular rana, ban san shi ba. Fitiluna suka ɗago. Yaron ya daburce, ya miƙa hannu sama ta rufi yana ɗagawa kamar zai faɗo.

Faldie yana bayana, ya gani. Da muka tsaya ya ce, "Boeta Nazeem, idona ne ko naka?"

Na ce maɓallin ne ya yi laushi, hannuna ya goge shi.

Na kira Durban da la'asar. Na ce mata in ta ga tsohuwa a can ta ɗaga hannu, ko ba a amsa ba. Ta ce ta ga ɗaya jiya, wani dattijo, ya wuce ta kamar bai gan ta ba.

Na ce ta ƙyale shi, zai gane.