Injinki Yana Aiki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji da hasken makwanci. Ko da kina raye ba ki karanta takarda, sai ƙanwata Dije ta karanta miki kina katse ta kina cewa ta ɗaga murya. Yanzu kuwa na san babu mai kai miki. Duk da haka zan rubuta, don maganar ta tsaya mini a rai, kuma a ɗakin nan namu na unguwar Mansura a Qatar kowa da tasa damuwar.

Maganar injin markaɗenki ce, Inna. An sayar da shi.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Kin san lokacin da ciwo ya kwantar da ke, kuɗin hayar rumfa da harajin ƙaramar hukuma suka taru, don duk abin da nake turowa a magani yake ƙarewa. Ranar da aka kai ki ina tsaye a ƙofar wani gini a unguwar Mu'aither ina duba katin masu shiga, kamfani bai ba ni hutu ba. Dije ta ce da liman ya yi shelar duk mai bin ki bashi ya fito, mai sayar miki da man inji ne kaɗai ya ɗaga hannu, shi ma ya ce ya yafe. Muka ɗauka kin tafi ba nauyin kowa a kanki. Mun manta hukuma ba ta zuwa jana'iza.

Dije ce ta ci gaba da riƙe rumfar. Kin san tun rasuwar mijinta ba ta da abin ciyar da yaran nan uku sai abin da injin ya kawo. Ba a daɗe da sadakar arba'in ba sai ga ma'aikatan kotu da takarda. Suka same ta tana tsakar markaɗa wa wata mata tattasai. Ba su jira ta gama ba. Suka kwance injin da jiƙarsa, suka ɗora a akori-kura, suka danna wa rumfar kwaɗo.

Da ta kira ni tana kuka, ban ma tsaya tambayar ba'asi ba. Bashin mamaci ba abin wasa ba ne. Na roƙi abokan ɗakina suka ba ni ɗaukar adashinmu tun layina bai zo ba, na tura, Dije ta biya a banki har sisin ƙarshe, aka ba ta rasit. Na ce khalas, wato shi ke nan, kamar yadda mutanen nan ke cewa. Na ɗauka washegari za ta ɗauko injin.

Sai ma'aikatan kotun suka ce saura nasu. Kuɗin motar da ta ɗauki injin, kuɗin ƙartin da suka ɗaga shi, kuɗin man baburan da suka hawo, kuɗin ajiya da ake ƙirgawa kullum. Har kwaɗon da suka kulle miki rumfa da shi, mu ne za mu biya. Da aka haɗa, nasu ya haura ainihin bashin. Mai shagon kusa da ke, da aka kwashe masa kaya rana ɗaya da mu, abin da suka karɓa a hannunsa bai kai rabin namu ba.

Kin san abin da ya jawo, Inna? Hoton nan ne.

Hoton da na turo miki farkon zuwana, ina sanye da kayan aiki, ga igiya a kafaɗa, ga dogayen gine-gine a bayana. Kika sa aka wanke shi babba, kika rataye saman injin, kika rufe shi da leda don kada markaɗe ya fallatsa masa. Sau nawa na faɗa miki gadi nake yi, ƙofa nake tsarewa? Sai ki ce, "Kaki dai kaki ne." Ni ne ɗan fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, shekara da shekaru daga "kai" sai "wancan". Hoton nan ne ya samo miki abin kirana, na zama Soja. Duk wadda ta kawo niƙa sai ta ji labarin Soja na Qatar, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. To, ma'aikatan kotun ma sun ga hoton, sun kuma ji labarin a bakin 'yan kasuwa. Babbansu ya gaya wa Dije, ido ba kunya, cewa wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar riyal bai kamata ya tsaya ciniki a kan ɗan wannan ba.

Da sun zo sun ga ƙasar riyal ɗin. Mu takwas ne a ɗaki, gado bisa gado, kayana duka a ƙarƙashin katifa da cikin akwati ɗaya. Bas ɗin kamfani ya kwashe mu, ya dawo da mu ƙafafu a kumbure. Albashin kuwa kafin ya shigo an riga an raba shi.

Zan iya ƙara cin bashi a lokacin in ba su, maganar ta mutu. Abokan ɗakina haka suka ba ni shawara. Amma sai na tuna ki da masu karɓar kuɗin shara a kasuwa. Ƙato zai tsaya a kanki yana muzurai, ke kuwa ko injin ba za ki kashe ba, sai ki miƙa hannu ki ce, "Ba ni takarda in ba ka kuɗi." In bai da ita, ki juya masa baya ki ci gaba da tura wake. Na ce ɗanki ba zai ba wani gumin tsayuwarsa ba tare da rasit ba. Na ce wa Dije ta faɗa musu su rubuto kowane kuɗi da dokar da ta ce a karɓe shi.

Daga nan wasa da hankali ya fara. Na rubuta ƙorafi zuwa ga rajistaran kotun, wani malamin jami'a ɗan ƙasarmu da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ya gyara mini Turancin. Dije ta kai. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga takardar ba, jibi a ce ta sake kawo wata. Kowane zuwa kuɗin ɗan sahu ne daga bakin yaranta. Ni kuma lokacin da ofishinsu yake buɗe, ina bakin aiki, an hana mu taɓa waya. Sai in ce zan zaga, in kulle kaina a banɗaki ina raɗa, shugaban masu gadi yana buga ƙofa yana yalla, yalla, wato in yi sauri. Ranar hutuna Juma'a ce, ranar da su kuma suke tashi da wuri.

Sau ɗaya na samu babban nasu a waya. Ya saurare ni har na gama, ya yi mini ta'aziyya da murya mai laushi, sannan ya tambaye ni ko na yarda mahaifiyata ta ci gaba da kwanciya da bashi a kanta saboda taurin kaina. Inna, wannan magana ta shige ni. Na kasa cin abinci. Na je na samu wani malami a wani ƙaramin masallaci a unguwar Al Asmakh, ya ce abin da ke kanki an sauke, abin da azzalumi ya ƙara ba naki ba ne. Kaina ya yarda, zuciyata ba ta daina tsoro ba. Mutumin nan ya san inda zai taɓa, kuma na tabbata ba ni ne maraya na farko da ya faɗa wa haka ba.

A ƙarshe dai an duba ƙorafin. Aka ce muna da gaskiya. Kuɗin kwaɗo da na man babur ba sa cikin ƙa'ida, aka soke su, na ƙarti ma aka rage. Dije ta kira ni tana murna, na raba wa 'yan ɗaki shayi. Sai da ta je ɗaukar injin suka nuna mata kuɗin ajiya. Duk kwanakin da muka yi muna neman gaskiyarmu, ana ƙirga mana su. Abin da ya ƙaru ya fi abin da aka soke. Shi kuma wannan, in ji su, yana cikin ƙa'ida.

Nan na haƙura. Na ce a ba ni zuwa ƙarshen wata, zan biya ko nawa ne, ba na neman rasit kuma. Albashi ya yi jinkiri, kamar yadda yakan yi. Ranar da ya shigo na garzaya wurin tura kuɗi, Dije ta isa kotun da su a ƙulle a bakin zane. Aka ce mata an yi gwanjo tun satin da ya wuce, wai an manna sanarwa a bango. Suka cire nasu daga kuɗin, suka miƙo mata ragowar da ba ta kai ta sayi rabin buhun masara ba. Da aka buɗe rumfar, ba komai a ciki sai ƙusoshin da suka riƙe injin da hotona a cikin ledarsa.

Ban san me zan ce miki ba. Injin nan shi ya biya mini makaranta, shi ya aurar da Dije, shi ya cika kuɗin ejan da ya kawo ni nan. Shi ya cinye miki kunne har kika koma magana kamar mai kiran wani a tsallaken kogi. Duk wayar da muka taɓa yi, ƙararsa tana bayan muryarki, ina cewa ki kashe, kina cewa mai wake tana jira. Na fito ne don ki huta da shi, ki zauna ki sa a yi miki. Ga shi ban hutar da ke ba, kuma ban iya riƙe shi ba. Na yi gaskiya, an ma rubuta a takarda cewa na yi gaskiya, amma yaran Dije ba takarda za su ci ba. Kullum a bakin ƙofar nan ina juya abin: da na biya tun ranar farko da yanzu injin yana hannunta. In na ce haka kuma sai in ga hannunki a miƙe kina jiran rasit, in rasa wanne ne biyayya a gare ki.

Dije ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, kuma shirun nata ya fi mini ciwo.

Wanda ya sayi injin kin san shi. Ɗan Asabe ne, mai rumfar tsallaken kwata, wanda kika yi shekaru kina cewa markaɗensa tsaki-tsaki ne. Ban ga laifinsa ba, kaya ya gani a gwanjo ya saya. Shekaranjiya da hantsi na samu sarari na kira Dije, ta ce tana layin markaɗen wake. Muna cikin gaisawa sai na ji an ja igiya. Ya yi tarin nan nasa, ya yi kamar zai mutu, sannan ya kama, bel ɗin yana ɗan marin nan da kika ce ba za ki canza shi ba sai ya tsinke. Na gane shi kamar yadda zan gane muryarki a cikin taro. Muka tsaya muna saurare, ita a can, ni a nan, har aka gama nata. Na ji ta tambayi nawa ne, na ji ta biya.

Lafiyarsa ƙalau, Inna. Yana aiki.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya yalwata makwancinki, Ya mayar miki da jinki ki ji sallamar mala'iku ba sai an ɗaga murya ba. Ba kowa ke bin ki ko ƙwandala, wannan kam na tabbatar. Allah Ya rufa wa Dije da marayunta asiri, Ya buɗa mata ta inda ni na kasa. Waɗanda suka ci kuɗin kwanakinmu kuwa na bar su da Wanda ba a ɓatar masa da takarda. Ni kuma ki yafe mini.

Ɗanki na fari, mai tsaron ƙofar mutane,
Soja