An Ce Za a Kashe Idon Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Inna na fama da ƙafarta kamar kullum, Auta kuma ta koma makaranta.

Yaya, maganar idon Baba ce, kuma wallahi na gaji. Ka san na hagu ya daɗe da mutuwa, yanzu ga yanar ido ta rufe na daman. Ranar Talata na kai shi asibiti. Likitar ta zaunar da mu ta ce sai an yi masa aiki, kuma hanya uku ce: ko a ɗiga masa magani a yi aikin yana farke, ko a yi masa allura a gefen idon, ko a sa shi barci gaba ɗaya. Baba ya zaɓi barci, wai gara ya farka ya tarar an gama. Da ta duba takardar gwajin zuciyarsa sai ta ce ba za ta iya ba, tana tsoron kada ya zarce daga barcin. Ɗigawar ma ba za ta yiwu ba, don kansa ba ya daina rawa. Saura allura ke nan.

To, a nan aka yi ɓarin. Tana cikin bayani ta ce allurar za ta kashe idon na 'yan awoyi. Baba kuwa kashewar kawai ya ji. Ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya ce Allah ya kashe ɗaya, shi ba zai miƙa wa ɗan Adam ɗayan ya kashe ba. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe cewa zafin ake kashewa, ba ganin ba. Likitar, baiwar Allah, ta biyo mu har bakin ƙofa tana ba shi haƙuri. Ina! Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Kawu ya zo lallashi, Baba ya kore shi. Likitar ta ce in aka daɗe yanar za ta yi tauri, aikin ya ƙara wuya. Kada ka ce zai ji taka a waya, ni dai na cire rai. Jiya ya sa na ciro masa hotonka daga jikin bango, wai bari ya kalle ka tun da sauran gani. Ya daɗe yana murmushi yana sa maka albarka. A juye ya riƙe shi, Yaya, kanka a ƙasa, kuma na kasa gaya masa.

Ka gaida mini da matarka da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaishe ku. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Ƙanwarka