Kitsen da Ya Kashe Barewar Sunna

Zuwa ga ƙanwata Marja,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da 'yarki Sunna kuna lafiya a can Bergen, Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Inna Biret ta warware daga tarin nan, har ta koma ɗinkin takalma. Ni ma jikina lafiya, zuciyata ce ke tafasa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki.

Kin san ruwan sama ya sauka kan dusar ƙanƙara ya daskare, bareyin da muke kiwo ba sa iya tono abinci, sai mun kai musu a kan dutse. A wannan halin babur ɗin ƙanƙararmu ya ƙi tafiya. Inji na ruri kamar zai tashi sama, babur yana tsaye wuri ɗaya. Aslak mijina ya rantse fulogi ne, ya canza. Ƙanensa Niilas ya ce haba, kurma ma ya ji kafireta ce, suka kwance ta a kan teburin cin abincina. Daga nan suka koma zargin mai, wai ruwa ya shiga tanki. Na ce musu injin da ke ihu haka ba shi ne marar lafiya ba, su duba bel. Aslak ya ce in koma wa littattafaina, babur ba ya jin karatu. Niilas ya ƙyalƙyale da dariya, wai malama ta zama bakanike. Su duka biyu sun ƙi aron na maƙwabta, kada a ce sun kasa. Kwana da kwanaki ana wannan shirme, dabbobi na can da yunwa.

Karenmu ne ya tona asiri. Suna ɗaga murfi ya cusa kai ya hau lasar bel. Na shafa, na sunsuna, sai ƙanshin kitse. Ashe gogan nawa Aslak gwangwanin nama yake ɗaurewa jikin salansar babur, don ya ci da zafi a daji kamar yadda mazan nan ke yi, bai rufe shi da kyau ba. Kitse ya narke ya bi bel, shi ya sa yake ta sulɓi. Na tambaye shi ko miya ya so yi wa injin. Ya sunkuyar da kai, wai tsautsayi ne. Na ce tsautsayi ba ya zuwa da albasa.

Mun wanke, mun sa sabon bel, na tuƙa da kaina zuwa wurin garke. Mun makara, Marja. Farar barewar Sunna, wadda Baba ya yanka wa alamarta a kunne ranar da aka yi wa yarinyar baftisma, na same ta kwance ta sandare, ga ciki. Ganin ido, in ji masu magana, ya fi jin labari, amma da na so a ce labari na ji.

Ki faɗa wa Sunna a hankali. Ki ce mata in bazara ta zo, mafi kyawun ɗan barewa a garken Aslak alamarta zai ɗauka. Shi zai danne shi da hannunsa, ni zan riƙe wuƙar.

Ki gaishe da mijinki Ovlla da Goggo Inga. Inna Biret na gaishe ku. Aslak ma ya ce a gaishe ku, daga rumfar babur inda yake cin abincinsa da sanyi.

Yayarki,
Risten