Manhajar Hauwa ta maƙale a gidan maƙwabci

Talata da dare, Garo

Na dawo daga Kabo a gajiye. Mai shago ya ƙi karɓar manhajar gwajin jarrabawar da na saya wa 'yata Hauwa, ta kwamfuta, da na mayar masa. Ranar da na kawo ta, maƙwabcinmu Malam Sani ya ce a fara gwadawa a kwamfutarsa. Wa zai ce wa dattijo a'a? Ashe lasisin na kwamfuta ɗaya ne, tamu ta ƙi buɗewa.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, kun danna kun amince. Ko kotu kika je, abin da za a karanta miki ke nan."

Na haɗiye fushina. Bayan magariba Malam ya aiko cewa Hauwa ta riƙa zuwa gidansa tana amfani da manhajar. Yanzu haka ina jiyo ta ta katanga, ita da 'ya'yansa, suna gardamar amsa.

Kwamfuta ɗaya suka ce. Ba su ce yarinya ɗaya ba.