Baƙin Zaren Rana da Rediyon Majalisa

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Umara, Gaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna Fanta, yaya kuma gona?

Baba, Yaya Mudassir ya isar mini da saƙonka: ko in bar binciken rana in koma karatun jinya, ko in tattaro kayana daga jami'a. Na san abin da ya ɓata maka rai. Da na zo hutu na nuna maka hoton rana a wayata, da baƙin zaren nan da ke kwance a fuskarta. Na ce ya fara motsi, kuma sau da yawa in irinsa ya ɓace wuta kan tashi a wurin, har rediyo mai gajeren zango ya ɗauke da rana tsaka. Sau da yawa na ce, Baba. Kai kuwa ka je majalisa ka ce gobe rediyo zai mutu, 'yarka ta faɗa. Zare ya ɓace salin-alin, rediyo ya yi ta zuba, abokin zamanka Malam Datti ya laƙaba maka baban mai duba.

Dariyar da aka yi maka ta sa ni kuka. Amma ba zan bari ba. Abin da ya sa wani zaren ke tafiya da wuta, wani ya sulale shiru, shi nake nema.

'Yarka,
Rumaisa.

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da kowa na gida. Allah ya sa an yi girbi lafiya.

Yaya ya ce ranar Talata ana tsakiyar labarai rediyon kowa ya ɗauke, Malam Datti yana ta bubbuga nasa yana canza batir. Ya ce ka huce. Wai in na zo zaure na shaida wa dattawa cewa wannan ce ranar da na faɗa, lissafi ne ya ɗan goce, sai in ci gaba da karatuna.

Na duba hotunan rana na Talatar nan. Wuta ta tashi, amma a wani gefen daban, kuma babu zaren da ya ɓace. Ban hango ta ba ko kaɗan.

Ina ƙaunar karatun nan, Allah ya sani, kuma ina so ka ɗaga kai a majalisa. Amma ba zan ce na san abin da ban sani ba. Juma'a ina tafe, da akwatina in ka ce in baro jami'a. In ka kira ni zaure, abin da na rubuta maka shi zan faɗa. Ka yi shawara kafin ka shimfiɗa musu tabarma.

'Yarka mai ƙaunarka,
Rumaisa.